Inganta Maniyyin Bijimi don Barbarar Hannu a Kiwon Shanu

1.0 Gabatarwa

Makiyayin da ya san abin da yake yi ba ya barin kowane sa ya hau shanunsa. Yakan zaɓi ɗaya ko biyu waɗanda ya san iyayensu, ya kuma yarda da ƙirarsu da lafiyarsu, sauran kuwa ya dandaƙe su ko ya kai su kasuwa. Wannan hikima ta zaɓen iri ta daɗe a rugage. Abin da kimiyyar zamani ta ƙara a kai shi ne hanyar ɗibar maniyyin zaɓaɓɓen bijimi, a sirka shi, a daskarar, a adana, sannan a ɗura shi cikin mahaifar saniya ba tare da bijimin ya je inda take ba. Ta haka bijimin da a garke bai wuce ya hau shanu talatin ko arba'in a shekara ba, yana iya zama uban dubban maruƙa a garuruwan da bai taɓa takawa ba.

Sai dai wannan fa'ida tana tafe da hatsarinta. Idan maniyyin ba shi da inganci, asarar ma ninkuwa take yi. Saniyar da aka ɗura wa ba ta ɗauka ba sai ta jira kimanin kwana 21 kafin ta sake neman barbara, kuma kowane kuskure yana nufin jinkirin haihuwa da tsinkewar madara da asarar kuɗin aiki. Sau da yawa kuma a kan saniyar ake ɗora laifi, har a sayar da ita a kan ba ta haihuwa, alhali matsalar tana cikin abin da aka ɗura mata. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da ake nufi da ingancin maniyyi da matakan da ake bi wajen samun sa. Hujjar da za a kafa ita ce, inganci a jikin bijimi yake samuwa, kimanin mako goma kafin ranar ɗiba. Ɗakin gwaji ba ya ƙirƙirar sa, iyakar aikinsa shi ne hana shi zubewa.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Da yake Hausa ba ta riga ta tsayar da kalmomin wannan fanni ba, ya dace a fayyace waɗanda za a yi amfani da su. Barbara ita ce saduwar namiji da macen dabba don samun ciki. Barbarar hannu kuwa ita ce sanya maniyyi cikin mahaifar saniya da kayan aiki. Wasu sukan kira ta ɗurin maniyyi. An zaɓi ta farko ne saboda ta riƙe kalmar da makiyayi ya sani, ta kuma nuna inda aka sami bambanci. Maniyyi shi ne ruwan baki ɗayansa, ƙwayoyin maniyyi kuwa su ne ƙananan halittu masu kai da wutsiya da ke iyo a cikinsa, waɗanda ɗaya daga cikinsu ce ke shiga ƙwan saniya. Ruwan sirki shi ne haɗin da ake ƙara wa maniyyi don ya yawaita ya kuma daɗe. Ɗan bututu shi ne siririn kwanson roba da ake ɗura maniyyin saniya ɗaya a ciki. Duk ma'aunin zafi da za a ambata na Salshiyas ne.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Tarihin barbarar hannu kusan duk tarihin neman yadda maniyyi zai daɗe da rai ne a wajen jikin dabba. A shekarun 1780 wani masani ɗan Italiya, Lazzaro Spallanzani, ya ɗura wa karya maniyyi ta haifi 'yan kwikwiyo. Daga 1899 Ilya Ivanov na Rasha ya mayar da abin aikin kiwo a kan dawaki da tumaki da shanu. A 1936 manoman Denmak suka kafa ƙungiyar gama-kai ta farko don barbarar hannu, Amurka ta bi sahu a 1938.

Har zuwa wannan lokaci maniyyi ba ya jure ajiya. Wajen 1940 aka gano a Amurka cewa gwaiduwar ƙwai tana kare ƙwayoyin maniyyi daga illar sanyi, sai ya zamana ana iya ajiye shi 'yan kwanaki. A 1949 Polge da Smith da Parkes suka gano a Ingila cewa sinadarin gilisarol yana hana ƙanƙara fasa ƙwayoyin, kuma a farkon shekarun 1950 aka haifi maruƙa daga daskararren maniyyi. A 1964 Robert Cassou na Faransa ya kyautata dabarar ɗan bututu, wadda har yau ita ce aka fi amfani da ita. A Nijeriya, Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, wadda aka fi sani da NAPRI, a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tana cikin manyan wuraren da suka yi aiki a kan ɗibar maniyyin bijimai da nazarinsa.

4.0 Abin da Ake Nufi da Inganci

Inganci iri biyu ne, kuma rashin bambance su yakan jawo ruɗani. Na farko shi ne ingancin ƙwaya, wato ko maniyyin zai iya samar da ciki. Na biyu shi ne ingancin iri, wato halayen da maraƙi zai gada. Maniyyi yana iya cika na farko ya gaza na biyu.

Ingancin ƙwaya ana auna shi ta fuskoki huɗu. Ta farko ita ce yawan ruwan: baligin bijimi yakan ba da mililita 4 zuwa 8 a ɗiba ɗaya. Ta biyu ita ce kauri, wato adadin ƙwayoyin da ke cikin kowace mililita, wanda a lafiyayyen bijimi yakan kai kimanin miliyan dubu ɗaya. Ta uku ita ce motsi: ana ɗiga maniyyin a kan gilashi mai ɗumi a duba da madubin likita, a ƙiyasta kashi nawa cikin ɗari ne ke tafiya gaba sosai, ban da masu kewaya wuri ɗaya ko masu karkarwa kawai. Ta huɗu ita ce ƙira: ana rina ƙwayoyin a ƙirga masu naƙasa, kamar masu karkataccen kai ko naɗaɗɗiyar wutsiya ko waɗanda kansu ya rabu da wutsiya. Akwai rinin da matattun ƙwayoyi kaɗai ke sha su yi ja, masu rai su tsaya fari.

Ƙa'idar da likitocin haihuwar dabbobi na Amurka suka tsayar a farkon shekarun 1990 ta ce bijimin barbara ya zamana aƙalla kashi 30 na ƙwayoyinsa suna tafiya gaba, kuma aƙalla kashi 70 ƙirarsu daidai take. Cibiyoyin da ke daskarar da maniyyi sukan nemi motsin da ya kai kashi 60 zuwa 70, domin daskarewa da narkewa kan hallaka kusan rabin ƙwayoyin. Lissafin a bayyane yake: mililita 5 mai ɗauke da miliyan dubu a kowace mililita ta ƙunshi ƙwaya miliyan dubu biyar, idan aka sa miliyan 20 a kowane ɗan bututu, ɗiba ɗaya za ta wadaci shanu 250. Wannan shi ne girman riba idan an dace, shi ne kuma girman asara idan an yi sake.

5.0 Matakan Inganta Maniyyi a Jikin Bijimi

Samuwar ƙwayar maniyyi a cikin marainan bijimi tana ɗaukar kimanin kwana 61, sannan ta ƙara kimanin kwana goma zuwa mako biyu tana nuna a cikin murɗaɗɗen bututun da ke manne da maraina. Ke nan maniyyin da aka ɗiba yau labarin halin da bijimin ya shiga ne a cikin mako goma da suka wuce. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta; a nan Larabar ta fi wata biyu.

5.1 Zaɓen Bijimi

Ma'auni mafi sauƙi kuma mafi amfani shi ne kewayen jakar maraina, wanda ake aunawa da tef a inda ta fi faɗi. Girman maraina yana tafiya da yawan ƙwayoyin da bijimi ke samarwa, kuma hali ne da ake gado. Ƙa'idar da aka ambata a sama ta nemi santimita 30 ga ɗan wata 15, da santimita 34 ga wanda ya haura shekara biyu. Sai dai an tsara waɗannan alƙaluma ne a kan shanun Turai. Shanu masu tozo irin su Bunaji da Rahaji da Bokoloji suna jinkirin balaga, marainansu kuma sukan fi tsawo da siranta, don haka auna su da ma'aunin Turai kai tsaye na iya sa a yar da bijimin kirki. Ana kuma duba ƙafafu da ƙugu da idanu da sha'awar hawa.

Ta fuskar ingancin iri, dole a binciki zuriyar bijimi. Akwai darasi a tarihin shanun madara na Holstin. A shekarun 1980 an baza maniyyin wani shahararren bijimin Amurka, Carlin-M Ivanhoe Bell, a ƙasashe da yawa saboda yawan madarar 'ya'yansa. Daga baya aka gano yana ɗauke da ɓoyayyun lahani biyu na gado, ɗaya mai raunana garkuwar jikin maraƙi, ɗaya mai karkata ƙashin baya da jawo ɓari. Wake ɗaya ya ɓata gari, sai da aka shafe shekaru ana gwajin ƙwayoyin gado kafin a rage yaɗuwarsu. Haka kuma iri mai kyau a wani wuri ba lalle ne ya dace da wani ba. Maraƙin da jinin Firiziyan ya yi masa yawa yakan sha wuya a zafin Sakkwato, kamar yadda saniyar da ba ta da juriyar Muturu ko Ndama ke wahala a kurmin da ƙudan tsando ya yi yawa.

5.2 Abinci

Bijimin da ya yi rani yana cin busasshiyar ciyawa kaɗai ba zai ba da maniyyin kirki ba. Binciken da aka gudanar a Shika a shekarun 1980 a kan bijiman Bunaji da ruwa-biyunsu da Firiziyan ya nuna cewa waɗanda aka ba isasshen abinci mai gina jiki sun fi girman maraina da yawan ƙwayoyi. Harawa da dusa da tunkuza da gishirin lasa suna cike giɓin da rani ke kawowa. Bitamin A, wanda dabba ke samu daga ɗanyen ganye, da ma'adinai irin su zink da seleniyam, duk suna da hannu wajen gina ƙwayar maniyyi da kare ta.

Akwai kurakurai biyu da ake yawan yi. Na farko shi ne yi wa bijimin barbara kiwon turke irin na sayarwa. Kitse yakan taru a wuyan jakar maraina ya riƙe zafi, ƙwayoyi su lalace, nauyi kuma ya hana shi hawa. Na biyu shi ne cika masa angurya ko tunkuzarta. Angurya tana ɗauke da sinadarin gosifol, wanda idan ya yi yawa yakan naƙasa ƙwayoyin maniyyi, musamman ga ƙananan bijimai. Abinci ne mai kyau da araha, amma sai da awo.

5.3 Zafi

Zafin jikin sa kimanin digiri 38.5 ne, amma maraina ba sa aiki daidai sai sun kasance ƙasa da haka da digiri 2 zuwa 6. Shi ya sa suke rataye a waje, jakarsu tana saki idan an yi zafi tana tsukewa idan an yi sanyi, tana kuma yin gumi. Idan zafin bazara ya fi ƙarfin wannan tsari, naƙasassun ƙwayoyi sukan fara bayyana bayan kimanin mako biyu, kuma maniyyin ba ya komawa daidai sai bayan mako shida zuwa takwas ko fiye. Zazzaɓi ma haka yake yi. Magani shi ne inuwa da iska da wadataccen ruwan sha, da yayyafa wa bijimi ruwa da tsakar rana, da ɗiba da sassafe. Cibiya mai tsari takan yawaita ɗiba da daskarewa a watannin da maniyyi ya fi kyau, ta sassauta a lokacin tsananin zafi.

5.4 Cututtuka

Cuta tana ɓata maniyyi ta hanya biyu: ko ta lalata maraina, ko ta bi maniyyin zuwa ga shanu. Sammore, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, yana cikin kashin farko. Nazarin da aka yi a Shika ya nuna yana lalata naman maraina, kuma gyaruwarsa tana ɗaukar lokaci ko bayan an yi magani. Kirci da cizon kaska a fatar jakar maraina suna kaurara ta su hana ta fitar da zafi. A kashi na biyu akwai bakkale mai sa ɓari, wanda kuma yake kama mutane, da tarin fuka, da wasu cututtukan da ake ɗauka ta barbara. Sanyin da ke adana ƙwayar maniyyi shi ne kuma ke adana ƙwayar cuta. Don haka sabon bijimi sai an killace shi an gwada jininsa kafin ya shiga cibiya, a kuma riƙa maimaita gwajin.

6.0 Matakan Kiyaye Inganci Bayan Ɗiba

6.1 Ɗiba

Ana ɗibar maniyyi da farjin roba, wato bututu mai bango biyu da ake zuba ruwan ɗumi a tsakaninsu har zafin cikinsa ya kai digiri 42 zuwa 45. Idan ya yi sanyi bijimi ba zai sake ba, idan ya yi zafi ƙwarai zai ƙona ƙwayoyin ya kuma firgita dabbar. Kafin ɗiba ana aske gashin bakin kube a wanke wurin, domin ƙura da kashi su ne manyan hanyoyin shigar ƙwayoyin cuta. Barin bijimi ya hau sau ɗaya ko biyu a janye shi kafin a ɗiba yana ƙara yawan ƙwayoyin da zai bayar. Yawancin cibiyoyi kwana biyu a mako suke ɗiba. Duka da tsawa da hayaniya suna rage abin da ake samu, domin bijimi dabba ce mai riƙe sabo.

6.2 Sirki da Daskarewa

Daga lokacin da maniyyi ya fito, abokan gabansa su ne sanyin farat ɗaya da hasken rana da ruwa da sabulu. Ana ajiye shi nan take a cikin ruwan ɗumi, a auna shi, a sirka. Ruwan sirki da aka fi sani ya ƙunshi sinadarin daidaita tsami, da sukari don ciyar da ƙwayoyin, da gwaiduwar ƙwai kimanin kashi 20, da gilisarol kimanin kashi 7, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Wasu sukan yi amfani da madarar da aka dafa a madadin gwaiduwa. A 'yan shekarun nan an samar da ruwan sirki daga man waken suya, don guje wa cutar da ƙwai kan iya ɗaukowa.

Ana sanyaya haɗin sannu a hankali zuwa digiri 4 ko 5, a bar shi wasu sa'o'i, galibi kimanin huɗu, a ɗura a 'yan bututu masu cin rabi ko rubu'in mililita, a rubuta sunan bijimi da irinsa da ranar ɗiba. Daga nan a jera su a kan tururin ruwan naitirojin, sannan a tsoma su cikin ruwan, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri. A wannan sanyi maniyyi yana iya shekaru masu yawa. Kafin a fitar da kowane rukuni sai an narkar da samfuri an sake duba motsinsa. Manyan cibiyoyi yanzu da kwamfuta suke wannan awo, wadda ke bin sawun kowace ƙwaya. Akwai kuma na'urar da ke ware ƙwayoyin da za su ba da mace daga na namiji, bisa ga bambancin kusan kashi 4 na sinadarin gadon da ke cikinsu, tana dacewa da kimanin kashi 90. Sai dai wariyar tana gajiyar da ƙwayoyin, don haka an fi amfani da irin wannan maniyyi a kan karsana.

6.3 Ajiya da Narkarwa

A nan ne aka fi yin asara a ƙasashen da samun ruwan naitirojin ke da wuya. Tulun ajiya yana zubar da ruwansa a hankali ko ba a buɗe shi ba, don haka sai an riƙa auna zurfinsa da sanda ana ƙarawa. Idan ya ƙafe, duk abin da ke ciki ya mutu, kuma sake cika tulun ba ya tayar da matacce, ko da yake ɗan bututun zai ci gaba da kama da lafiyayye a ido. Haka nan ɗaga 'yan bututu sama da wuyan tulu don karanta suna yana sa su ɗan yi ɗumi, ƙanƙarar da ke cikinsu ta sake tsari ta yayyanka ƙwayoyin. Wannan illa taruwa take yi duk lokacin da aka maimaita. Ƙa'ida ita ce a ciro wanda ake so da hantsaki cikin 'yan daƙiƙoƙi a mayar da sauran.

Ana narkar da ɗan bututu a ruwa mai ɗumin digiri 35 zuwa 37 na daƙiƙa 30 zuwa 45, da ma'aunin zafi a hannu. A goge shi ya bushe, domin ɗigon ruwa yana kashe ƙwayoyin, a sa a bindigar ɗuri mai ɗumi, a gama aiki cikin minti 10 zuwa 15. Wurin zubawa shi ne farkon mahaifa, da zarar an wuce bakinta. Lokaci ma sharaɗi ne: saniyar da aka ga tana tsayawa a hau ta da safe a ɗura mata da yamma, wadda aka gani da yamma a ɗura mata washegari da safe. Shanu masu tozo neman barbararsu gajere ne, kuma sau da yawa da dare yake aukuwa, don haka idon makiyayi da saurin sanar da ma'aikaci suna daga cikin abin da ke sa maniyyi mai kyau ya yi amfani.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa ingancin maniyyi yana farawa ne daga zaɓen bijimi da cinsa da inuwarsa da lafiyarsa, ya bi ta hannun mai ɗiba da mai sirki, ya ƙare a hannun ma'aikacin da ke buɗe tulu a ruga. Kowane mataki yana iya rage abin da ya karɓa, amma babu wanda ke iya mayar da abin da na gabansa ya zubar. Saboda haka cibiyar da ta sayi na'urori masu tsada ta bar bijimanta a rana, ko hukumar da ta shigo da maniyyi daga waje ba ta tanadi ruwan naitirojin ba, ta kashe kuɗi ne a kan abin da ba zai haifar da maraƙi ba. Kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya a 2024 ya ƙara jawo hankali ga inganta irin shanu a Nijeriya, kuma nasarar kowane shiri za ta dogara ne a kan waɗannan ƙananan ƙa'idoji. Abu na ƙarshe shi ne rubutu: a riƙa ajiye bayanin kowane bijimi da kowane rukunin maniyyi da kowace saniyar da aka ɗura wa, da sakamakon gwajin ciki bayan wata biyu zuwa uku. Da wannan ne za a gane ko matsalar ta bijimi ce, ko ta tulu, ko ta hannun ma'aikaci, kafin a kai lafiyayyar saniya kasuwa a kan laifin da ba nata ba.